Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Kasuwar Kyamarorin Fim Ta Farfaɗo a Zamanin Dijital

A cikin watan Oktoba na shekarar 1922 babu wanda zai yi mamaki in ya ji an ƙera kyamara mai amfani da fim, domin a lokacin ita ce hanyar ɗaukar hoto da jama'a suka fi sani. Amma da kamfanin Leica na ƙasar Jamus ya ba da sanarwa a watan Oktoba na shekarar 2022 cewa zai koma ƙera kyamararsa mai suna M6, wadda ya fara fitarwa a 1984 ya kuma daina a 2002, sai masu lura da harkokin kasuwanci suka fara tambayar abin da ke faruwa. Kamfanin ya sa mata kuɗi fiye da dalar Amurka 5,000, alhali ba ta nuna hoto nan take, ba ta aika shi ko'ina, kuma ba ta ɗaukar fiye da hotuna 36 sai an sake mata fim. Duk da haka masu saye suka yi ta rubibinta.

Fim ɗin da ake magana a nan shi ne siririn kyallen nan na roba da ake naɗewa a sa cikin kyamara, a ɗauki hoto, sannan a kai ɗakin wanki a fito da nagatif, a buga hoton a takarda. Wannan bayani zai duba yadda sana'ar ta durƙushe, da dalilin da ya sa masu sha'awa suka koma neman kyamarorin da ƙwararru suka yi aiki da su a dā, da kuma abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani kafin ya zuba kuɗinsa a ciki.

Yadda kasuwar ta durƙushe

Abin mamaki shi ne, a cikin gidan babban mai yin fim na duniya aka haifi abin da ya karya kasuwar fim. A shekarar 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko. Nauyinta ya kai wajen kilo uku da rabi, hotonta fari da baƙi ne mai dishi-dishi, kuma tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto guda a kan kaset. A wancan lokaci Kodak ce ke riƙe da kusan dukkan cinikin fim a Amurka, ribarta kuwa daga fim da magungunan wanki da takardar hoto take fitowa, saboda haka ba ta yi gaggawar rungumar abin da zai kashe mata kasuwa ba. A 1988 ma'aikatanta sun kai kimanin 145,000.

Cinikin fim ya kai ƙololuwarsa a wajejen shekarar 2000, daga nan ya fara gangarowa da sauri. A 1999 kamfanin Nikon na Japan ya fito da D1, kyamarar dijital da 'yan jarida za su iya dogara da ita, kuma cikin 'yan shekaru gidajen jaridu suka rufe ɗakunan wankin hotonsu. Daga nan kamfanoni suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Polaroid ta karye a 2001. Ilford ta Ingila ta shiga hannun masu bin bashi a 2004. AgfaPhoto ta Jamus ta durƙushe a 2005, a shekarar ce kuma aka daina ƙera kyamarorin Contax. Konica Minolta ta fita daga harkar kyamara a 2006. A 2009 Kodak ta daina yin Kodachrome, fim mai launi da ya yi suna tun 1935, sannan a watan Janairu na 2012 ita kanta ta nemi kariyar kotu daga masu binta bashi.

Manyan kyamarorin ƙwararru su ma suka bi sahu. Hasselblad ta Suwidin ta rufe jerin kyamarorinta na V a 2013. Canon ta daina sayar da EOS-1V a 2018, Nikon kuma ta daina F6 a 2020. A tsakanin waɗannan shekaru masu ɗaukar hoto na haya sun yi ta zubar da kayan aikinsu a kasuwar na-hannu a kan kuɗi kaɗan, domin su sayi na dijital.

Sai dai ita ma kyamarar dijital ba ta daɗe a kan karagar ba. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan sun nuna cewa an fitar da kyamarorin dijital kimanin miliyan 121 a shekarar 2010, amma a 2023 abin da aka fitar bai kai miliyan 8 ba. Wayar hannu ce ta ƙwace hoton yau da kullum. Wannan ya sauya ma'anar mallakar kyamara: tunda kowa na da abin ɗaukar hoto a aljihunsa, wanda ya sayi kyamara ta daban ba larura ce ta sa shi ba, sha'awa ce ko sana'a. A cikin irin waɗannan masu sha'awa ne kyamarar fim ta sami sabuwar kasuwa.

Abin da masu sha'awa ke gani a cikinsu

Za a iya cewa ai tuna baya ne kawai, kamar yadda masu iya magana kan ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma da yawa daga cikin masu sayen nan matasa ne da ba su san zamanin fim ba balle su yi kewarsa. Dalilansu sun fi haka nauyi.

Na farko shi ne ƙarko. An ƙera waɗannan kyamarori ne domin mutumin da abincinsa ya dogara a kansu, wanda zai shiga da su filin daga ko hamada ko dusar ƙanƙara. Nikon F, wadda ta fito a 1959, ta yi suna a hannun 'yan jaridar da suka ɗauko hotunan yaƙin Biyetnam. F2 ta biyo baya a 1971, F3 kuma a 1980, kuma an ci gaba da ƙera F3 har wajen shekaru ashirin saboda ƙwararru sun ƙi rabuwa da ita. Da yawa daga cikin irin waɗannan kyamarori da ƙarfe da tagulla aka yi su, kuma abin da ke buɗe ƙofar haske ya rufe ta waya ce mai tsalle da ƙananan haƙora irin na agogo, ba lantarki ba. Nikon FM2 ta 1982, alal misali, tana iya buɗewa ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 4,000 na daƙiƙa ba tare da batir ba. Batirin da ke cikinta na ma'aunin haske ne kaɗai. Abin da aka yi da haƙora da sukurori kuwa ana iya kwance shi, a wanke, a sa mai, a mayar.

Na biyu shi ne, kyamarar fim ba ta tsufa irin tsufan na'urar dijital. A kyamarar dijital, abin da ke kama hoto a manne yake da jikinta, saboda haka da zarar an fito da wanda ya fi shi, darajarta ta faɗi. A kyamarar fim kuwa, fim ɗin ne ke kama hoto, kuma ana sake shi kowane lokaci. Leica M3 ta 1954 in aka sa mata fim ɗin da aka yi bana, za ta ba da hoto irin na fim ɗin bana. Wannan ne ya sa ɗan kasuwa zai lura cewa kyamarar dijital kamar mota take, kullum darajarta na raguwa, ita kuwa tsohuwar kyamarar ƙwararru ta riga ta gama faɗuwarta tuntuni.

Na uku shi ne girman nagatif. Fim ɗin da aka fi sani, mai faɗin milimita 35, yana ba da hoto mai milimita 24 da 36. Amma kyamarorin ɗakin ɗaukar hoto, irin su Rolleiflex da Hasselblad, suna ba da hoto mai kusan santimita shida kowane gefe, wato fiye da ninki uku da rabi na wancan, kuma hotuna 12 kacal ake samu a naɗi guda. Pentax 6x7 ta 1969 da Mamiya RB67 ta 1970 sun fi haka ma, hotuna goma suke bayarwa. Girman nan ne ke sa launin fata da inuwar tufafi su fito da laushi, wanda masu ɗaukar hoton biki da na tallan kayan sawa ke nema har yau. A dā irin waɗannan kyamarori sai mai babban shago ke iya saye. Da farashinsu ya faɗi sai suka shiga hannun ɗalibai da masu koyo.

Na huɗu shi ne tarihi. Kyamarorin Hasselblad ne 'yan sama jannatin Amurka suka ɗauki hotuna da su a kan wata a 1969, kuma an baro guda 12 a can a tafiye-tafiyen Apollo domin rage nauyi, aka dawo da fim ɗin kawai. Irin wannan labari yana ƙara wa kaya daraja kamar yadda sunan maƙeri ke ƙara wa takobi.

Na biyar kuwa ya shafi hali. Wanda ya san hotuna 12 ko 36 ne gare shi, kuma kowanne kuɗi ne, ba ya danna kyamara sai ya natsu. Masu sha'awa da yawa na cewa wannan natsuwar ce suke saye.

Inda kuɗin yake

Kasuwar ta kasu kashi uku, kuma bai kamata a haɗa su ba. Kashi na farko na masu tara kayan tarihi ne. A watan Yuni na 2022 an yi gwanjon wata Leica ta gwaji ta shekarar 1923, mai lamba 105, wadda ta kasance ta Oskar Barnack, mutumin da ya ƙirƙiro Leica, a kan yuro miliyan 14.4. Kafin ita, wata 'yar'uwarta ta ci yuro miliyan 2.4 a Biyana a 2018. Wannan kasuwa ce ta attajirai, ba ta da bambanci da ta zane-zane da tsofaffin agogo, kuma ba ta nuna darajar kyamarar da ke cikin akwatin kowa.

Kashi na biyu na yayi ne. A 2017 wata shahararriyar mai tallan kayan sawa ta Amurka, Kendall Jenner, ta fito da ƙaramar kyamara Contax T2 a wani shirin talabijin, sai farashinta ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar na-hannu. Irin wannan tashin ba shi da tushe mai ƙarfi, musamman da yake kyamarar cike take da kayan lantarki da ba a ƙera madadinsu yanzu. In ta mutu, sau da yawa ta mutu ke nan.

Kashi na uku, wanda ya fi girma ya kuma fi ɗorewa, na masu aiki da kyamarorin ne. Dillalan Japan ne suka fi ƙarfi a nan, suna sayarwa ta intanet zuwa ko'ina a duniya, tare da bayyana lafiyar kowace kyamara daki-daki. Ƙa'idar farashin a fili take: ba a ƙera sababbi, kowace shekara wasu na lalacewa, masu nema kuwa sun ƙaru.

Kamfanoni sun ga wannan buƙata sun kuma amsa ta, amma da taka-tsantsan. Kodak ta dawo da fim ɗin Ektachrome a 2018. Kamfanin Harman, wanda manajojin Ilford suka kafa a 2005 bayan sun sayi masana'antar, ya fito da fim mai launi na kansa a ƙarshen 2023. A watan Yuni na 2024 kamfanin Ricoh ya fito da Pentax 17 a kan kimanin dala 500. Ita wannan tana raba kowane gurbin hoto gida biyu, ta yadda naɗi mai 36 zai ba da hotuna 72, wanda ke nuna cewa masu ƙerawa sun san tsadar fim ce babbar damuwar mai saye.

Duwatsun murhu uku

Darajar kyamarar fim a kan duwatsu uku take zaune kamar tukunya a murhu: kyamarar kanta, da fim, da mai gyara. In aka zare ɗaya, tukunyar ta kife.

Dutse mafi rauni shi ne fim, musamman mai launi. Yin sa aiki ne mai wuyar gaske, domin ana shafa sinadarai hawa-hawa a kan roba a cikin duhu, da injuna masu tsawon gaske da aka gina domin kasuwar da ta ninka ta yau sau da yawa. Kamfanonin da ke iya yin sa da yawa kuma da inganci ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma mafi girmansu masana'antar Kodak ce da ke Rochester a jihar New York. Fujifilm ta Japan ta yi ta rage ire-iren fim ɗinta. A farkon 2021 ta daina Pro 400H, wanda masu hoton biki ke ji da shi, ta kuma ce wahalar samun kayan haɗi ce ta jawo. Bugu da ƙari, azurfa ce ke kama haske a jikin fim, saboda haka farashinta a kasuwar duniya na shafar farashinsa. A watan Oktoba na 2025 azurfa ta haura dala 50 kowane oza.

Wani abin da ya taimaka wajen raya masana'antar Rochester shi ne masu shirya finafinan sinima. A 2015 manyan kamfanonin Hollywood suka ƙulla yarjejeniyar ci gaba da sayen fim daga Kodak, bayan matsin lambar daraktoci irin su Christopher Nolan da Quentin Tarantino da Martin Scorsese. Fim ɗin Oppenheimer na Nolan, wanda ya fito a 2023 ya kuma ci kyautar Oscar bakwai, a kan fim mai faɗin milimita 65 aka ɗauke shi. Da yake injuna ɗaya ne ke shafa fim ɗin sinima da na hoto, cinikin wancan na rage wa wannan nauyi. Ke nan mai riƙe da tsohuwar Nikon a Tokyo ko Landan, rabonsa na rataye da shawarar da ake yankewa a Hollywood.

Dutse na uku shi ne masu gyara. Akasarin waɗanda suka koyi aikin a masana'antu sun tsufa, wasu sun rasu, kuma kamfanoni sun daina yin kayan gyaran yawancin tsofaffin kyamarori. Abin da ake yi shi ne a kashe kyamara guda domin a raya wata. A ƙasashen Turai da Amurka mai kyamara kan jira watanni kafin ƙwararren mai gyara ya kai kan tasa. Wannan ya sa kyamarorin da ba su dogara da lantarki ba suka fi riƙe daraja, domin ƙwararren maƙeri na iya sassaƙa haƙorin ƙarfe, amma ba ya iya ƙera allon lantarkin da aka daina yi shekaru talatin da suka wuce.

Abin da ya shafe mu

Afirka ta Yamma na da rabonta a wannan tarihi, kuma darasinsa na kasuwanci ne. Seydou Keïta da Malick Sidibé masu ɗaukar hoto ne na haya a Bamako, waɗanda suka yi shekaru suna ɗaukar jama'ar gari. Da yake sun adana nagatif ɗinsu, daga shekarun 1990 aka fara buga hotunansu ana nunawa ana sayarwa a Turai da Amurka, har Sidibé ya sami babbar kyautar bikin baje kolin fasaha na Venice a 2007. A Nijeriya, marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar hotunan kitso tun 1968, ya tara kusan dubu, kuma yau suna cikin manyan gidajen tarihi na duniya. Abin da ya zama dukiya a nan shi ne nagatif, wanda in aka adana shi da kyau zai wuce shekaru hamsin ana bugawa daga jikinsa.

Saboda haka duk wanda ya gaji tsohon shagon hoto, a Kano ne ko Ibadan ko Jos, kada ya yi gaggawar zubar da abin da ke cikin akwatuna. Ya duba sunan kyamara da lambarta, ya bincika farashin da aka sayar da irinta, ba wanda masu talla ke nema ba. Nagatif ɗin sarakuna da hawan salla da kasuwanni da bukukuwa kuwa, wataƙila sun fi kyamarar daraja.

Wanda kuma ke tunanin shiga cinikin, akwai abubuwan da yanayinmu ke jawowa. Laima ta damina na sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashin kyamara, in ta daɗe kuwa takan ci fuskar gilashin har abada. Ƙurar hunturu na shiga haƙoran ciki. Zafi na lalata fim, saboda haka sai an ajiye shi a firji, wanda ke buƙatar wutar da ba ta yankewa. Sababbin na'urorin binciken kaya masu ƙarfi da ake sawa a filayen jiragen sama na iya ɓata fim ɗin da ba a wanke ba, don haka masu tafiya kan nemi a duba shi da hannu. Sannan fim da magungunan wanki duk daga waje ake shigo da su da kuɗin ƙetare, kuma kowane motsi na canji zai bayyana a farashi.

Kafin a sayi kyamara, a buɗe bayanta a duba ko soson da ke tare haske ya narke, a gwada ƙofar haske a kowane mataki na sauri a saurari ƙararta, a haska gilashin da tocila, a kuma tabbata ana samun batirinta, domin wasu tsofaffin kyamarori an yi su ne da batirin da aka haramta saboda sinadarin zaiba da ke cikinsa. Mafi kyawun gwaji dai shi ne a ɗauki naɗi guda da ita a wanke a gani.

Ba a sa ran fim zai koma matsayinsa na dā, kuma masu ƙera shi ma ba su yi wannan da'awa ba. Abin da ya faru shi ne, sana'ar da ta kasance ta kowa da kowa ta koma ƙaramar kasuwa ta masu sha'awa, waɗanda ke biyan kuɗi da son ransu. Irin wannan kasuwa na ciyar da dillali mai gaskiya, da mai ɗakin wanki mai tsabta, da mai gyara da ya iya hannunsa. A cikin ukun nan, mai gyara ne ya fi ƙaranci a duniya, kuma matashin da ya iya gyaran agogo ko keken ɗinki ya riga ya kama hanyar koyon aikin.